Na koma siririyar laftof mara nauyi, in sayar da tsohuwar ko in riƙe ta?

Baban Zahra:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema, amma sai na ɗan yi shimfiɗa kafin in kai ga tambayar.

Aikina tattara bayanan manoman shinkafa ne. Da an shiga noman rani, daga Disamba har Afrilu, ba na zaman Birnin Kebbi: yau Argungu, gobe Augie, jibi Bunza ko Suru. Mota ta ajiye ka bakin kwalta, ragowar tafiyar kuma a bayan ɗan kabu-kabu, cikin rairayi da gargada har bakin fadama. Shekara 6 ina goye da laftof mai inci 15.6 da cajarta mai kama da bulo. Bara kafaɗata ta dama ta fara tsami, har ta kai in na ɗaga hannu zan yi kabbara sai na ji ta. Wata rana a Argungu na roƙi wani mai kifi na ɗora jakar a sikelinsa. Kilo 4 da rabi, laftof da caja da linzami da littafin rubutu.

Na yi ta tari har na sayi wata siririya 'yar Baljiyam mai inci 13, nauyinta kilo 1.2. Ba zan faɗi sunan kamfanin ba, kada a ce talla na zo yi ko ɓatanci. Yau wata 4 ke nan. Kafaɗa ta lafa, alhamdu lillahi. Cajar tana shiga aljihun kaftani. In na fita da ita cike da safe, sai bayan la'asar take neman wuta, alhali tsohuwar ko awa 2 ba ta yi.

To amma ga inda gizo ke saƙar. Kafofinta biyu ne kacal, dukansu ƙananan nan da ake kira USB-C. Ranar da muka yi taro da shugabannin ƙungiyoyin manoma, an kunna majigi, mutum 40 na jira, na juya ta dama na juya ta hagu babu inda zan soka wayar majigin. Filash ma sai da adafta. RAM ɗinta, wato ƙwaƙwalwar da take aiki da ita, 8GB ne, na kai a ƙara aka ce ba ya ƙaruwa. Ga shi babu madannan lamba na gefe, ni kuwa rabin aikina shigar da lambobi ne a Excel. Da zafi ya shigo kuma ƙasanta sai ya yi rau, ta riƙa jan ƙafa.

Yanzu ƙanen matata na son sayen tsohuwar, kuɗin kuma zai yi mini amfani. In sayar ko in riƙe?

Injiniya Mai Gyara:
Wa alaikumus salam Yallaɓai. Kada ka sayar. Shekarata 11 ina buɗe kwamfutoci, bari in gaya maka abin da nake gani a kan teburina.

Tsohuwarka, in ka kwance kusoshin bayanta, komai a fili yake. RAM na zaune a mazauninsa, ka ture maƙalai biyu ya tashi da kansa. Hadi dis ka zare ka sa SSD, ma'ajiyar bayanai ta zamani mai sauri. Batir ka ja sakata ya fito. Kibod ya mutu, a canza shi kaɗai. Duk wani yaro da ya yi wata 6 a shago zai iya.

Siririyar kuwa, ai ba a banza ta siranta ba. Don a rage kauri sai aka cire mazaunin RAM aka like shi da dalma a jikin bod, babban allon da komai ke kansa. Wasu har ma'ajiyar bayanan a like take. Wasu batirin da gam aka manna shi. Wasu kibod ɗin haɗe yake da murfin sama, in madanni suka mutu sai a canza rabin jikin. Ma'ana in abu ɗaya ya ƙone a bod, ba ƙaramin kaya za ka saya ba, bod ɗin za ka nema gaba ɗaya. Kuma ba a nan za ka same shi ba. Sai mu yi waya Sakkwato, in babu a tambaya Beirut Road a Kano, in babu sai Computer Village a Ikeja. Mako 2, wani lokaci 3, kana zaune ba aiki. A tsakiyar noman rani wa zai jira ka mako 3?

Ba cewa nake ka yi kuskuren saye ba. Lafiyar kafaɗarka ta fi kowane ƙarfe. Amma mai siririya a garinmu yana bukatar ta biyu a gida.

Maman Hanifa:
Injiniya, na yarda da rabin maganarka, amma ka tsorata mutane da yawa. Ni ina koyarwa, kullum ina hanyar Kalgo, kuma shekara 3 ke nan ina riƙe da MacBook Air mai M1, wadda ta fito a ƙarshen 2020. Nauyinta kilo 1.29. Ba ta da fanka kwata-kwata, don haka ba ta zuƙar ƙura. Ku da kanku kun san abin da hunturu ke yi wa fankar laftof. Wadda na riƙe kafin wannan, duk shekara sai an buɗe an share, mai gyaran ya zaro wani curin ƙura kamar audugar katifa daga bakin fankar ya nuna mini. Wannan kuwa ko sau ɗaya ba a taɓa kwance ta ba.

Abin da ya fi komai a wurina shi ne batir. In aka ɗauke wuta tun dare, ina shiga aji da safe, in duba ayyukan ɗalibai da rana, in dawo gida da sauran caji. Abokan aikina kuwa suna zagaye ofis suna neman inda aka tayar da janareta. Kayan da ba ya yawan lalacewa ai ya rage maka zuwa wurin mai gyara tun farko.

Injiniya Mai Gyara:
Hajiya, gaskiya ne, na ƙura kin fi ni hujja. Amma wadda ba ta da fanka jikinta ne ke fitar da zafi, in jikin ya ƙoshi sai injin ya rage gudu da kansa don kada ya ƙone. Shi ne jan ƙafar da Baban Zahra ke gani, ko da tasa mai fanka ce, don fankar sirara ƙarama ce. Kamfanin Apple da kansa ya rubuta cewa a yi aiki da laftof ɗinsa a yanayin da bai wuce digiri 35 ba. Mu kuwa a Afrilu da Mayu muna haura 40. Ke kina ofis da aji, akwai inuwa. Shi yana bakin fadama, jaka a baya, rana na dukanta tun hantsi.

Kuma zafi ba gudu kawai yake ragewa ba, batir yake ci. Makon jiya aka kawo mini wata, mai ita ya ce wurin shafa yatsa ya daina dannuwa. Na ajiye ta a tebur sai na ga tana rawa, ba ta zauna daidai ba. Da na buɗe, batirin ya kumbura kamar burodin da ya tashi, ya turo komai sama. A mota yake barinta, gilashi a rufe. Duk wanda ya ga murfin tasa ya fara ɗagawa ko ta daina zama daram, ya kashe ta, kada ya danna, kada ya huda, kada ya sake sa caji.

Maman Hanifa:
Wannan kam ban musa ba. Ni ma ba na barinta a mota, kuma ba na ɗora ta kan katifa ko filo. Inda zan ƙara ba ka gaskiya shi ne manhaja. Ɗalibata mai aikin taswira ta so ta sayi irin tawa na hana ta, don manhajar taswira ta ArcGIS Pro a Windows kawai take aiki. QGIS na aiki a Mac, amma malaminta ba shi yake koyarwa ba. Masu zanen gini da Revit ma haka. Ni Word da Excel da SPSS ne aikina, shi ya sa ban taɓa jin takura ba.

Ɗan Jega:
Ni dai wanga zance na rashin nauyi ban gane ribar da anka ci ba. Malam, ka ce kilo 1.2. To ka aza adafta, ka aza linzami, ka aza kibod ɗin lamba da za ka saye, ka aza hadi dis na waje tunda cikinta ba shi da yawa. Ka koma wurin mai kihin nan ka sake aunawa mu ji. Abin da anka cire daga cikin kwamfuta shi na ka kwasa ka zuba cikin jikka, kuma kowane da kuɗɗinai.

Shagon buga takardu gare ni. Kullum sai yaro ya zaka da wagga siririya shina son a buga mai aiki, babu inda za a soka firinta, babu inda za a soka filash, shi kuma ya mance adafta gida. Mu da munka saba da Latitude da ThinkPad na da, ko sun faɗi daga tebur ɗauka kakai ka ci gaba da aiki.

Baban Zahra:
Ɗan Jega, na auna kuwa. Da adafta da linzami da littafi da komai, jakar ba ta kai kilo 2 da rabi ba. Kilo 2 ne suka sauka daga kafaɗata, kuma wanda ke zaune a shago ba zai san girman kilo 2 ba sai ya yi awa ɗaya a bayan babur a hanyar Augie. Amma maganar mantuwa gaskiyarka ce. Yanzu da zare na ɗaure adaftar a jikin cajar.

Ɗan Jega:
To na ji, Allah shi ƙara lahiya. Kai tahiya ta kama ka. Amma mutane nawa na cikin zauren ga ke shiga fadama? Mafi yawa daga gida sai ofis, cikin mota ko Keke. Su mi ya kai su?

Malam Na Zuru:
Tambayar Ɗan Jega tana da kyau, kuma ina ganin an haɗa abubuwa biyu da ba ɗaya ba ne. Rashin nauyi daban, rashin kafofi daban. ThinkPad X1 Carbon wajen kilo 1.1 take, ta fi ta Baban Zahra sauƙi ma, amma tana da HDMI, kafar wayar majigi, da USB irin na da. RAM ɗinta a like yake, amma SSD ɗinta ana cirewa a canza. LG Gram mai inci 14 wajen kilo 1 take, ita ma da kafofinta. Wato wasu kamfanonin ne suka zaɓi su rage kafofi don kyan gani, ba dole ba ce.

Abin ya samo asali tun 2008, lokacin da Steve Jobs ya zaro MacBook Air ta farko daga cikin ambulan a gaban jama'a. Kafar USB ɗaya gare ta, babu wurin faifan CD. A 2011 Intel ya fito da sunan Ultrabook don masu Windows su bi sahu. Waɗanda aka ƙera wa su mutane ne masu wuta dare da rana, intanet ko'ina, majigi da firinta duk ba waya, shagon kamfani kuma na bayan layi. Mu namu yanayin daban ne, shi ya sa sai mun tace kafin mu ɗauka.

Akwai kuma 'yan tsakiya da ba a ambata ba. HP EliteBook 840 G5 wajen kilo 1 da rabi ce, mazaunin RAM biyu, ga HDMI, ga kafar wayar intanet, ga USB-C. ThinkPad T480 ta ɗan fi ta nauyi kaɗan, ita ma mazauni biyu, har da batir biyu, ɗaya a ciki ɗaya ana zarewa. Tsakanin 1.2 da 1.5 gram 300 ne, bai kai nauyin ledar fiya wata ɗaya ba. Da Baban Zahra ya tambaya kafin ya saya, nan zan tura shi.

Baban Zahra:
Malam, wannan magana ta shige ni. Da na san da ita da wataƙila ba haka na yi ba. Na je kasuwa ne da abu ɗaya a kaina, nauyi, duk wadda aka miƙo mini sai in ɗaga ta da hannu ɗaya in ji. Ban ko leƙa gefenta ba.

Ɗalibi Daga Aliero:
Salamu alaikum iyayena da yayyena. Ina aji 2, kimiyyar kwamfuta. Babana ya sayar da albasa ya ce in nemi laftof, kuma na san ba za a sake saya mini wata ba har in gama. Raina na kan siririya saboda ina yawo da ita daga hostel zuwa aji, ga matsalar caji. Me zan duba don kada a cuce ni?

Injiniya Mai Gyara:
Ƙanena, tunda guda ɗaya ce kuma kuɗin gumin mahaifi ne, bi shawarar Malam Na Zuru, ɗauki 'yar tsakiya. Ka fara da 8GB, in Allah ya hore ka ƙara. In kuwa ka nace sai mai RAM a like, kada ka karɓi ƙasa da 16GB, don yadda ka saye ta haka za ta mutu. Apple ma tun ƙarshen 2024 ya mayar da mafi ƙarancin na Air 16GB.

Sannan ka duba lambar injin. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a ƙa'ida daga Intel zubi na 8 yake farawa. In ka ga i5-8250U ko i5-8350U, lambar farko 8 ce, ka tsira. In ka ga 7200U ko 6300U, zubi na 7 ne da na 6, komai kyan jikinta. Kada ka tsaya ga sitikar da aka manna, shiga cikin saitin ka gani da idonka, don iri ɗaya na zuwa da inji daban-daban.

Batir kuma kada ka yarda da "yana awa 6" na baki. A Windows ka buɗe wurin rubuta umarni ka sa powercfg /batteryreport, zai nuna maka ƙarfin da aka ƙera batirin da shi da wanda ya rage. Ka shiga BIOS, saitin da ake shiga tun kafin Windows ya buɗe, ka tabbata ba a kulle da kalmar sirri ba, don yawancin 'yan Baljiyam daga ofisoshin Turai da Amurka suka fito. Ka danna kowane madanni, ka gwada kowace kafa da filash ɗinka, ka buɗe farin shafi ka duba tabo a sikirin.

Maman Hanifa:
In ƙara masa na ɓangaren Mac ko da wani zai amfana. Duk wanda zai sayi ta hannu, a goge ta a gabansa a sake saita ta da intanet a kunne. In ta nemi asusun tsohon mai ita, ko ta nuna tana ƙarƙashin kulawar wani kamfani ko makaranta, a bar ta komai arharta. Kuma a kauce wa Air ta 2018 da 2019. Kibod ɗinsu irin wanda ake kira malam-buɗe-littafi ne, ƙura kaɗan ke maƙale madannin, har sai da kamfanin ya buɗe shirin gyara kyauta, daga baya ya watsar da shi ya koma irin na da a 2020. Abin da ƙurar ofishin Turai ta kayar, ina ga hunturun Kebbi.

Ɗalibi Daga Aliero:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na kwafe duka a waya.

Mai Sola Daga Yauri:
Ku ba ni dama in shigo ta ɓangaren wuta, don a nan ne nake ganin siririya ta yi wa tsohuwa nisa, kuma ba a ba ta haƙƙinta ba.

Tsofaffin nan cajarsu wat 65 ce ko 90, mai zagayen baki, kuma sai an sami soket. In a sola ne sai an bi ta inbata, a juya wutar batir zuwa ta gida, caja ta sake juyo ta, kowane juyi ana asara. Siririya mai USB-C kuwa fawabank na cajinta kai tsaye. Air ɗin Maman Hanifa da cajar wat 30 ta zo. Batirin irin waɗannan yawanci tsakanin 50Wh ne da 60Wh. Fawabank mai 20,000mAh kusan 74Wh ke cikinsa, in ka cire abin da ke tafiya a zafi, zai cika ta sau ɗaya. Ga mai kwana a ƙauye wannan yini guda ne na aiki.

Sharaɗin shi ne fawabank ɗin ya zama an rubuta PD, alamar caji mai ƙarfi ta USB-C, a jikinsa, kuma yana fitar da wat 45 ko 65. Na waya na gama-gari ba zai motsa ta ba. Wayar cajin ma a sami mai kyau. Kuma caja ɗaya ta ishe ka laftof da waya.

Abin da nake roƙo, a daina soka caja a janaretan da ke hawa da sauka, musamman lokacin da ake tayar da shi. Gara ka caja fawabank a can, shi kuma ya caja laftof. In wuta ta yi ɓarna ta tsaya a kan ƙaramin abu.

Injiniya Mai Gyara:
Wannan shawara ta ƙarshe a rubuta ta da manyan baƙaƙe. Yawancin sirarar da ake kawo mini a mace ta kafar caji wutar ta shiga. In kuma kwamfutarka na da saitin tsayar da caji a kashi 80, kamar yadda Lenovo da Dell ke da shi, kunna shi ranakun da kake gida tana jone. Batirin da ke zaune a cike cikin zafi shi ya fi saurin tsufa.

Hajiya Ta Gesse:
Baban Zahra, ni ba injiniya ba ce, aikin lafiya nake, mu ma muna tattara bayanai. Duk an yi maganar ƙarfe, ba a yi maganar abin da ke ciki ba. Sunayen manoman nan da girman gonakinsu da lambobinsu amana ce a hannunka. Injiniya ya ce wasu ma'ajiyarsu a like take. In taka irin wannan ce, ranar da bod ya mutu ba za a iya zare komai a sa a wata ba. Abokiyar aikina ta rasa rahoton wata 3 a haka, ta zauna a ofis tana hawaye, sai da muka koma ƙauyuka muka sake bi gida gida.

Don haka ko ka sayar ko ka riƙe, duk daren da ka dawo ka kwafe aikin ranar a wani wuri, ka tura na turawa in akwai sabis. In kuma ka yanke sayarwa, kada ka miƙa wa ƙanen matarka da bayanan mutane a ciki. Share fayil kawai bai isa ba, ana dawo da shi.

Baban Zahra:
Hajiya, Allah ya biya ki. Abin da muke cikewa a manhajar tattara bayanai ta KoboToolbox yana hawa intanet, amma rahotannina da hotunan gonaki duk a siririyar kaɗai suke tun Janairu. Daren nan zan kwafe su.

Na yi magana da uwargida, mun tsaya a kan ba za a sayar ba. Tsohuwar za ta zauna a gida, a kanta zan riƙa shigar da lambobi tunda tana da madannan gefe kuma firintata ta san ta, ta kuma zama wurin ajiya na biyu. Siririyar ita ce ta hanya. Ƙanen nata zan ba shi haƙuri, in ya tashi saye in raka shi da abin da kuka rubuta wa ɗalibin nan. Injiniya, nawa ne ƙarfin SSD da ya dace da ita, kuma za ta karɓi Windows 11?

Injiniya Mai Gyara:
256GB ya ishe ta in rubutu da Excel ne, in hotunan na da yawa ka sa 512GB. Na Windows 11 sai na ga lambar injin. In ba ta kai ba, a bar ta a matsayin ta aikin gida, a rage shiga intanet da ita, ko mu sa mata Linux a madadin Windows in za ka iya sabawa. Kawo ta ranar Asabar bayan la'asar, ka haɗo da cajarta. Siririyar ma ka zo da ita in buɗe in ga ko ma'ajiyarta na ciruwa, in kuma share fankar kafin zafin Mayu.

Ɗan Jega:
In ka tashi zuwa ka biyo da adaftar nan taka Injiniya shi duba ta. Wasu na ɗaukar zahi har su taɓa kafar da anka soka su.

Baban Zahra:
To, in sha Allahu. Asabar ɗin ina Bunza da safe, amma zan dawo kafin la'asar.